Tuwon Wanda Ba Ya Gida

 Ni matar aure ce, Kirista, asalina daga ƙasar Zuru, amma aure ya kawo ni Bagudo tun 2004, inda maigidana ya ke koyarwa a makarantar firamare, yana kuma taɓa noman shinkafa a fadama kamar kowa. Na daɗe ina so in rubuto muku labarin wani abu da ya same mu a gida, kunya tana hana ni, domin a cikin labarin nan ba ƙanen mijina kaɗai ne mai laifi ba, ni ma ina da nawa. Yanzu maigida ya yarda, shi ma wanda abin ya shafa ya yarda, muddin ban ambaci sunan kowa ba. To, ga shi.

Wadda ba ta san Bagudo ba, ƙasa ce ta bakin Kwara a Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu. A hayin kogi akwai Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, bayansu kuwa sai ƙasar Benin. Daga Tsamiya in mutum ya ƙetare iyaka, Segbana ce a gabansa. Waɗansu tsofaffi har yanzu Dahome su ke ce da ƙasar, ko da ya ke tun 1975 aka sake mata suna. Mutanen nan da na can dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, Naira da sefa suna kwana a aljihu ɗaya. Mu Kirista kaɗan ne a garin, yawancinmu aiki ne ya kawo mu, muna kuwa zaune da maƙwabtanmu Musulmi lafiya lau.

Sa'ad da aka kawo ni gidan nan, ƙanen mijina yana ɗan shekara goma. Ubansu ya rasu, sai Malam ya ɗauko shi tare da uwarsu, wadda dukanmu mu ke kira Inna. Ni na yi masa wanki, ni na ɗinke masa wandon makaranta, ni na zauna kansa da ƙyanda ta kama shi. Kun san ƙanen miji abokin wasa ne. Kullum ya shigo sai ya ce, "Yaya, miyar nan ba gishiri, zan gaya wa Malam ya ƙaro wata." Ni kuwa in bi shi da muciya. Da ya girma ya zama ɗan acaɓa, ya san kowace hanya ta cikin daji tsakaninmu da Benin. Ban taɓa ƙirga kuɗi a gabansa ina ɓoyewa ba.

Ku da ke cin shinkafa kun tuna yadda ta yi daraja a shekarun nan. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya buɗe shirin ba manoman shinkafa rance. A watan Agusta na 2019 kuma gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuyar shigowa, ta gida ta yi tsada. Kowa a Bagudo ya ce lokacin manomi ya zo. Malam ya lissafa, ya ga in muka sami taki isasshe da injin ban ruwa, za mu yi na damina mu kuma yi na rani, mu fita daga jiran albashi. Ya karɓi Naira 250,000 wurin wani mai sayen hatsi, a kan zai biya da buhunan shanshera in an yi girbi. Ni kuma na kawo Naira 150,000, kuɗin adashin da na yi shekara uku ina zubawa daga cinikin ƙosai. Kuɗin nan na ajiye su ne domin babbar ɗiyata, wadda za ta gama aji uku na ƙaramar sakandare a 2020, ina so ta wuce makarantar kwana. Malam ya ce aro ne, kafin a buɗe makaranta za su dawo da riba.

Ran wata Litinin a farkon damina ta 2020 muka ba ƙanen nan kuɗin duka, ya tafi Jega ya sayo kaya. Ni da kaina na ƙulle su cikin leda, na ɗinke a cikin aljihunsa. Ya ce, "Yaya, ki ajiye mini tuwona, kafin isha na dawo." Isha ta yi, ba shi. Gari ya waye, wayarsa a kashe. Malam ya tafi Jega, ya bi asibiti, ya bi wurin 'yan sanda, muna tsoron ko ɓarayi ne suka tare shi. Sai bayan kwana tara wani direba ya ce ya gan shi da idonsa a Segbana, lafiyarsa ƙalau, kan babur ɗinsa. Ranar nan na gane cewa akwai labarin da ya fi na hatsari ciwo. Da an ce mini ya faɗi a hanya, da na yi kuka irin na uwa. Da aka ce lafiyarsa ƙalau, hawaye ko ɗigo bai zo mini ba, wani abu ne ya tsaya mini a ƙirji kamar dutse.

Muka shuka abin da muka iya, ba taki. Sa'an nan a ƙarshen Agusta da farkon Satumba Kwara ta cika ta batse. Ruwa ya hau hanyar da ta bi ta Tuga zuwa Ka'oje, ya ci gidaje, ya shafe fadamu. Ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce wajen hekta 450,000 ruwan ya lalata a Kebbi. Gonarmu tana ciki. Malam ya shiga kwalekwale ya je ya duba, ya ce ko kan shinkafa ɗaya bai gani ba. Da dare ya ce mini, "Kin gani, ko da yaron nan ya kawo takin, ruwa ne zai cinye." Na ce, "Injin fa? Shi ma ruwa zai cinye?" Ya yi shiru, domin gaskiya na faɗa. Da ruwa ya janye, masu inji suka shiga noman rani suka rage asara. Mu kuwa muka zauna da bashi, rabin albashin Malam yana tafiya wurin mai hatsi kowane wata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ɗiyata. Makarantu sun daɗe a rufe saboda cutar korona, da aka buɗe ƙawayenta suka ɗauki akwati suka tafi, ita tana tsaye a ƙofa tana ɗaga musu hannu. Ko ta jeka-ka-dawo ba mu iya ba a shekarar nan, domin ƙannenta uku suna firamare, ga abinci, ga maganin Inna. Ba ta yi mini kuka ba ko sau ɗaya. Da dare in ta gama wanke-wanke sai ta ɗauko tsofaffin littattafanta ta kunna tocila. Waɗansu suka fara kawo mana shawara, wai ga yarinya ta girma, ga mai so, a rage nauyi. Na ce ko zanen jikina zan sayar, ba zan aurar da ita don yunwa ba.

Yanzu bari in zo kan tuwon. Tun daren da yaron nan ya tafi, Inna ta ce a riƙa zuba masa nasa a kwanonsa, a rufe da faifai, a ajiye a ɗakinta. Kowane dare haka. In gari ya waye bai zo ba, sai a yi ɗumame a ba yara. Watau ba a asarar ko loma ɗaya. Duk da haka ba abin da na ƙi jini a duniya kamar kwanon nan. Ni ce mai tuƙi, ni ce mai kwasa, kuma da hannuna zan zuba wa wanda ya raba ɗiyata da makaranta. Wata rana da garin ya yi ƙaranci na kwashe tuwo, na bar kwanonsa wayam, na ce, "Inna, yau bai isa ba." Ba ta ce mini kome ba. Ta jawo nata, ta raba biyu, ta sa rabi a kwanonsa ta rufe, ta ci sauran. Tsohuwa mai shan magani, ta kwana da rabin ciki saboda ni. Kashegari na koma zubawa, amma ina zubawa ina ƙunƙuni a zuci.

A gidanmu mu kan yi addu'a tare kafin a kwanta, mu rufe da Addu'ar Ubangiji, wadda Yesu ya koya wa almajiransa. Waɗanda suka san ta sun san akwai wurin da mutum ke roƙon Allah ya yi masa gafara gwargwadon yadda shi ma ya ke yi wa masu yi masa laifi. In an zo wurin nan sai in rufe bakina, in jira a wuce, in kama gaba. Ina tsammani ba wanda ya lura. Ran nan autana, yana ɗan shekara shida, ya ce a gaban kowa, "Mama, kin manta wurin nan ne? In koya miki?" Yara suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na kuma daina zuwa cin Jibin Ubangiji a ikilisiya, in ranar ta zo sai in ce kaina ke ciwo, domin na san ba a zuwa teburin nan da gaba a zuciya. Wata goma sha huɗu na yi a haka.

Kada ku ce na bar addu'a. Lalle ban taɓa yin addu'a da yawa kamar lokacin nan ba. Ina tashi da asuba, ina azumi, ina cewa ina jiran Allah. In mata sun gan ni sai su ce, "Kai, wannan baiwar Allah akwai haƙuri." Ni kaɗai na san abin da na ke jira.

Taimako na fari ya zo ta kan katanga. Maƙwabciyata Hajiya, mai sana'ar turara shinkafa, ta leƙo wata safiya ta same ni zaune na yi tagumi. Ta ce, "Ke ɗiyar Zuru, tashi, tagumi ba ya biyan bashi. Ga shanshera buhu biyu, ki turara ki sayar, ki maido mini kuɗin buhu, riba taki ce." Ita ta koya mana aikin ni da ɗiyata. A wanke shanshera a tsame ƙaiƙayi, a jiƙa ta cikin ruwan zafi ta kwana, da safe a tsane a zuba cikin rabin duro da ruwa kaɗan a gindi, a rufe da buhu, a hura wuta har tururi ya ratsa ta bakin ƙwayar ya fara tsagewa. Sa'an nan a shanya a kan tamfol, a riƙa juyawa kada rana ta sa ta karye, a kai inji, a sheƙe, a auna da mudu. Ɓuntun ma ba a yar da shi, shi ne makamashin gobe. Aiki ne mai cin ido da baya, amma da shi muka ci abinci shekara biyu. Hajiya ba ta taɓa tambayata takarda ba. Wata rana muna juya shanya ta ce, "Ai ku ma kuna da labarin Annabi Yusufu a littafinku, ko?" Na ce muna da shi. Ta ce, "To," ta ci gaba da aikinta.

Ɗiyata ta kan karanta wa Inna Littafi Mai Tsarki da yamma, daga wani tsohon kofi na marigayi surukina, fassarar Hausa ta 1932 wadda Inna ta fi sabawa da ita. Daren nan na ce ta karanta mana labarin Yusufu a Littafin Farawa. Na zauna ina lissafi da yatsu. Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Aka yi shekara bakwai na ƙoshi, sai a shekara ta biyu ta yunwa ya bayyana kansa gare su. Shekara 22 ke nan. Na ce a raina, ashe mutumin nan bai zauna shekara 22 yana wasa wuƙa ba, in da haka ya yi, ranar da suka durƙusa a gabansa ba wanda zai tashi da rai. Na kuma lura bai rufe ido ya ce ba abin da ya faru ba. Ya gwada su tukuna, ya kuma faɗa musu a fili cewa su ne suka sayar da shi. Wannan ya tsaya mini a rai, amma ban yi kome a kai ba.

Taimako na biyu ya zo daga shugabar Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu, wata dattijuwa wadda mu ke kira Mama. Ta zo gida ta same ni bakin duro. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta ce, "'Yata, in kin durƙusa a kan maganar yaron nan, me ki ke roƙo?" Na yi niyyar in ba ta amsa mai daɗi, sai gaskiya ta kuɓuce mini. Na ce ina roƙon Allah ya maido mini kuɗina, shi kuma ya kunyata shi a gaban mutane yadda ya kunyata mu. Ta gyaɗa kai ta ce, "Ashe kin riga kin yanke shari'a, jira ki ke Allah ya sa hannu." Ta tuna mini da misalin da ke cikin Matiyu sura 18, na bawan da aka yafe wa bashin talanti 10,000, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa a kan dinari 100. Na ce, "Mama, nawa ba dinari 100 ba ne, karatun ɗiyata ne." Ta ce, "Na sani, ban kuwa ce ki ce ƙarami ne ba. Abu guda zan sa ki. Kullum in kin zuba tuwon nan, ki ambaci sunansa, ki roƙi Allah ya ba shi abin da zai ci a inda ya ke. Ko zuciyarki ba ta so, bakinki ya faɗa."

Na yi, don kunyar Mama. Makon fari kamar ina tauna maɗaci. Wata ya wuce, wani ya bi. Ban san ranar da abin ya sake ba. Na dai tarar wani dare ina zuba tuwo, sai na ji ina tunanin ko yaron nan yana da bargo, domin hunturu ya shigo, shi kuwa tun yana ƙarami sanyi ba ya yi masa da kyau. Na yi fushi da kaina a kan tunanin, amma ya riga ya shiga. A watan nan na buɗe baki a wurin da na ke yin shiru cikin addu'a, muryata tana rawa, na kuma koma cin Jibi.

A 2022 muka gama biyan mai hatsi. Da kuɗin shinkafar da muka turara ɗiyata ta koma makaranta, ta jeka-ka-dawo, ta shiga aji ɗaya na babbar sakandare, ƙawayenta suna aji uku. Waɗansu yara suna ce mata "uwar aji". Ta ce mini ba kome, karatun da ta yi da tocila bai bar ta a baya ba.

Inna kuwa ba ta ga abin da ta jira ba. Ciwo ya kwantar da ita cikin sanyin farkon 2023. Muka aika saƙo ta bakin direbobi da fatake zuwa Segbana da Malanville, ba amsa. Daren da za ta cika ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, in yaron nan ya zo ba na nan, kada ki bar shi tsaye a waje." Na ce, "To, Inna." Kafin asuba ta tafi. Wannan abu ya girgiza ni ƙwarai. Ga mace wadda ba ta taɓa fasa sa rai ba ko dare ɗaya, ta roƙi abu guda tak, ba a kuwa ba ta ba. Na tambayi Allah dalili, har yau ban sami amsar da zan rubuta muku ba. Abin da na gani da idona shi ne ta mutu ba ta riƙe kowa a zuciya ba, fuskarta a sake kamar mai barci.

Bayan an watse daga zaman makoki na shiga madafa na tuƙa tuwo. Ina kwasa, sai na ga hannuna ya riga ya cika kwanon nan. Na tsaya ina dubansa. Mai sa ni ba ta nan, ba wanda zai tambaye ni. In na juye shi cikin na yara, magana ta ƙare. Na daɗe a tsaye. Sa'an nan na ɗauki faifai na rufe, na kai ɗakin Inna na ajiye. In kun tambaye ni ranar da na yafe wa ƙanen mijina, daren nan ne, shi kuwa yana can wata ƙasa bai sani ba, bai roƙa ba, bai maido ko kwabo ba.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur. Litar da a ke sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma ta koma wajen Naira 500. Masu ɗaukar mai a jarka suna ƙetarewa da shi Benin suka ga riba ta gudu, da yawa suka bar sana'ar. A watan Yuli, wani dare ana yayyafi, na ji sallama a ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Na haska tocila. Ya rame, ba babur, ba jaka, silifa ɗaya ta tsinke. Ya ce, "Yaya." Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ji daɗin ganinsa ba. Jikina ya ɗauki rawa, dutsen nan na dā ya taso mini har wuya. Amma ƙafata ta san abin da aka riga aka shirya. Na ce, "Shigo daga ruwa." Na ba shi ruwan sha. Ya wuce ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya kifa kai, domin ya ji labarin rasuwarta a Kandi bayan wata biyu, kunya ta hana shi tahowa. Na shiga ta gefensa na ɗauko kwanon na ajiye a gabansa. Ya buɗe ya ga tuwo da sauran ɗumi. Ya ce, "Wa ya gaya muku ina zuwa?" Ɗiyata ta ce, "Kawu, kullum a ke zubawa." Bai iya ci ba sai da safe.

Daga baya ya faɗi yadda aka yi. Tun watan Nuwamba na 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mai ya yi tsada a bakin iyaka da hayinta. Abokai suka ce masa in ya juya kuɗin nan sau ɗaya a fetur, cikin mako guda zai ninka, ya sayi injin ya kuma sami nasa, ba wanda zai sani. A tafiyar farko aka kama kayan duka. Ya ce bari ya yi aiki ya tara ya dawo da fuska. Shekara uku yana tarawa, ba ta taru ba.

Abin da ban zata ba, Malam ne ya ƙi. Shi da ya yi shekara uku yana ba ni haƙuri, da ya ga ƙanensa sai ya tashi ya shiga ɗaki ya rufe. Ya ce kuɗi ba kome ba ne, amma uwarsu ta mutu tana duban ƙofa, wannan ba zai iya ba. Sai ga ni, ni da na hana kwano tuwo, ina roƙon a bar yaro ya kwana a zaure. Ban yi wa Malam gori ba, domin na san hanyar da ya ke kai, na san kuma ba a jan mutum a kanta da igiya. Wata biyar ba ya amsa gaisuwarsa. Na koma jira, amma wannan karon na san abin da zan roƙa. Ran jajiberen Kirsimati Malam ya fito zai tafi fadama, ya tsaya a zaure ya ce, "Kai, ɗauko fartanya." Iyakar abin da ya ce ke nan. Suka tafi tare.

Bayan haka dattawan ikilisiya suka zauna da mu. Waɗansu dangi suka ce tun da an yafe, a bar maganar kuɗi, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mama ta ce gaskiya ne ba a yankewa, amma a kan wanke miki a sa magani. Aka kawo littafi aka rubuta Naira 400,000, ya sa hannu, a kan kowane girbi zai kawo abin da ya samu a rage. Shi da kansa ya ce ya fi son haka, domin in ba ya biya ba zai iya ɗaga ido ya dubi ɗiyata ba. Har yanzu bai gama ba. Ko ya gama, kuɗin ba za su sayi abin da za su saya a 2020 ba, shekara biyun yarinyar nan kuma ba mai maido su. Ta gama sakandare a 2025. Ranar da sakamako ya fito shi ya ɗauko ta a kan babur ɗin haya, yana ta busa ƙaho tun daga bakin kasuwa.

To, 'yan'uwana mata, ba na ce kowace mai jira za ta ga abin da na gani. Inna ta fi ni bangaskiya nesa, ba ta gani ba. Abin da na ke so ku ɗauka shi ne, mace tana iya yin azumi da addu'a, mutane suna yaba haƙurinta, alhali fansa ta ke jira. Ku binciki abin da ku ke roƙo. In kuwa kuna jira sai zuciya ta yi sanyi kafin ku yafe, kuna iya tsufa a kan jiran. Ku fara da abin da hannu zai iya, ko gaisuwa ce, ko addu'a ce, ko kwanon tuwo, zuciya ta kan biyo baya a hankali. Kuma in kuɗi ya shiga tsakaninku da ɗan'uwa, ku rubuta, a sa shaida. Rubutu ba ya ɓata zumunci, shirun da a ke yi ana ƙullewa a ciki shi ke ɓata shi.

Ku kuma 'yammata, in wahalar gida ta tsai da ku daga makaranta, kada ku ba da littattafanku a ƙunsa ƙosai. Ku riƙe su, ku riƙa dubawa, kada kuma ku ji kunyar zama aji ɗaya da ƙannenku in hali ya samu.

Kwanon nan yana nan, mai shi ne ke ci a ciki yanzu. Jiya ya ɗanɗana miya ya ce, "Yaya, ba gishiri." Shekara biyar ke nan rabona da jin wannan magana a bakinsa. Na ɗauki muciya.

Allah ya ba mu haƙuri na gaskiya, ya ji ƙan iyayenmu, ya sa albarka a gidajenmu duka, amin.

Taku,
Wata uwa daga Bagudo